Naƙudata a Bakin Mbak Gendhis

Salamu alaikum jama'ata, ku matso kusa, yau bakina cike yake. Da hannu ɗaya nake danna wayar nan, ɗayan yana tallafe da Nawang tana shan nono tana murɗa min kunne, don haka duk inda kuka ga na tsallake harafi ku yi haƙuri, dama ni da boko tun a aji biyu na sakandare muka yi sallama. Labari biyu gare ni. Na farko, 'yata ta yi haƙori, ɗan fari tas a ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, kuma ni na fara sani don a jikina ta gwada kaifinsa. Na biyun shi ne babba, amma in na faɗa muku ƙarshensa yanzu ba za ku san irin ƙunar da na sha ba. Bari in danne zuciyata in ɗauko muku daga tushe.

Sababbin shigowa, sunana Kinasih, Asih ake ce min. Mijina Mas Jalu, Mas ɗin girmamawa ce a wurinmu, kamar a ce Yaya. A Bantul muke zaune, gidan Mamak mahaifiyata, bayan gonakin shinkafa. Mas Jalu makaɗi ne, amma kar ku ɗaura ɗamarar rawa. Kiɗansa ba irin na biki ba ne. Rakoda gare shi mai makirufo sanye da hular gashi kamar ɓera, da ita yake yawo yana ɗaukar ƙarar abubuwa. Ya taɓa yini a kwance a ƙasa yana ɗaukar tafiyar tururuwa a kan ganyen ayaba. Ya ɗauki kukan kwanon rufinmu in rana ta buɗe. Ya samo fasasshen ƙarfen gamelan, kayan kiɗanmu na gargajiya, yana jan sa a kan siminti, wai yana son jin yadda yake kuka. Sai ya haɗa su a kwamfuta, ya zuba a kaset, ya manna hoto, kuma wallahi akwai masu saya, har daga Japan da Jamus ake aiko masa da saƙo. Mamak ta ce duk ƙasar da ake sayen tafiyar tururuwa to mutanenta sun ƙoshi da yawa. Ni dai ba na ganewa, amma ina son yadda yake lumshe ido in yana sauraro, kamar wanda aka sa wa zuma a baki. Abin da ya ja ni ke nan tun farko, ba zan ɓoye muku ba.

To ana nan na haihu. Ina cikin jego, cikina naɗe da doguwar ɗamarar nan da Mamak take ja kamar za ta raba ni biyu, kullum miyar ganyen katuk don nono ya kawo, kullum jiƙon kurkum da tsamiya, sai ga wata abokiyar aikinsa, Mbak Gendhis, wato Yaya Gendhis, ta fara zuwa gidanmu.

Bari in kwatanta muku ita da adalci, don ni ba na ƙarya. Doguwa ce, wuyanta kamar an zana. Gashi har gadon baya, ta naɗe shi da tsinken katako ɗaya tak, kuma ba ya warwarewa. Baƙar riga ba ado, zanin batik ruwan ƙasa da aka ɗinka wando, ɗan kunne a kunne guda. Ba hoda ba jan baki, kuma abin haushin ba ta buƙata. Makarantar koyon kiɗa ta gama, a da ita ke rera waƙa a wasan 'yar tsana na inuwa, yanzu ta koma irin ta su Mas Jalu, tana fitar da sauti daga maƙogwaro wanda ba kalma a ciki. Ni kuwa in ta shigo tana same ni cikin rigar zaman gida mai hoton kankana, gaba duk taswirar nono, ina warin man jarirai. Ta durƙusa ta gaida Mamak, ta ce min Dik Asih, wato ƙanwa Asih, ya ƙarfin jiki, ta kawo wa Nawang safa. Safar ma mai kyau. Na so a ce mummuna ce.

Ɗakin baya nan ne wurin aikinsa, bangon duk ya manne shi da kwalin ƙwai. In sun shiga sai a rufe ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma, a kunna wani jan ƙwan lantarki a waje, alamar kar wanda ya yi motsi. Mu da gidanmu sai mu koma tafiya da ɗan yatsa. Ko turmin barkono Mamak ba ta isa ta daka ba. Ta zauna a bakin murhu tana fifita, ta ce min ita dai a zamaninta ba a rufe ƙofa da tsumma sai in akwai abin da ba a so a ji. Ta ce Nduk, wato 'yata, ki kai musu shayi. In na dawo ta ce Nduk, ki koma ki ɗauko kofunan. Sai ta ƙara da maganarta ta kullum, wai da Mas Gito na aura, mai shagon gyaran babur na bakin kasuwa wanda ya neme ni kafin Mas Jalu, da shagonsa ko ƙofa ba shi da ita, duk mai wucewa yana ganin abin da yake yi.

Na ce mata ni na yarda da mijina. Na faɗa da ƙarfi har Nawang ta firgita.

Amma rannan yana wanka wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma, kuma ni ba dutse ba ce. Na buɗe. Saƙonnin murya ne jere daga Mbak Gendhis, ba rubutu sai ɗan guntu: "Mas, na ƙara gwada na tsakiyan." Shi kuma ya amsa: "Ya yi kusa. Numfashin ya fi haka gajarta." Na danna ɗaya na kara a kunne, ban ji komai ba sai huci sama-sama kafin ya fara taɓa ƙofar banɗaki, na yar da wayar. Ranar tempe ɗin da na soya masa, wainar waken soyan nan tamu, sai da ya zama gawayi. Ya cinye kuma, har yana cewa ƙarar ɓurmushinsa a haƙori tana da daɗi. Ku ji mutum.

Ranar da abin ya fashe da rana tsaka ne. An ɗauke wuta, zafi ya ishe su, suka ɗan buɗe ƙofar. Na ɗauko tire da shayi da soyayyar ayaba, Nawang na saɓe a zani a gefena. Kafin in kai bakin ƙofar na ji sautin.

Jikina ya riga kaina ganewa. Marata ta murɗa, nono ya zubo shar har cinya. Nishi ne, daga can ƙasa, ya hau a hankali ya tsinke, sai huci gajere-gajere, sai wata 'yar shaƙuwa, sai muryar ta toshe kamar an cusa abu a baki. Na san wurin nan. Nan ne na ciji matashin kai a ɗakin ungozoma. Naƙudata ce, jama'a. Naƙudata ce take fitowa daga bakin wata mace, tana tsaye tsaf da ɗan kunnenta, hannu ɗaya a sama kamar mai ɗaukar zare.

Sai a lokacin na tuna. Tun ina da ciki ya roƙe ni in bar shi ya ɗauki ranar haihuwa, na ce masa ɗauki mana, ina dariya ina cin mangwaro da gishiri, don a lokacin ban san me ake cewa naƙuda ba. Ranar kuwa ya ajiye ɓeransa a kan tebur kusa da filas, ni ban ƙara bi ta kai ba.

Na dire tiren har shayin ya fantsama. Mbak Gendhis ta juyo, fuskarta ta washe, ko alamar rashin gaskiya babu. Ta kama hannuna ta ce dama tana ta son in ji. Ta nuna min wata doguwar takarda da suka manna daga wannan bango zuwa wancan, duk layuka da ɗigo-ɗigo da tudu da kwari, wai Mas Jalu ne ya zana yadda muryata ta hau ta sauka, ita kuma ta bi ta haddace. Ta ce da ni take kwana da ni take tashi, a kan babur ma ni ce a kunnenta.

"Dik Asih, ban taɓa jin murya irin taki ba," in ji ta. "Na haddace ki tas."

A kan tebur ga samfurin bangon kaset ɗin. Sunansa Nawang. A ƙasa an rubuta sunan Mas Jalu. A ƙasan nasa: murya, Gendhis. Na juya bayan, na juya gaban, na ɗaga shi a haske. Karatuna ba yawa amma sunana dai na iya gane shi, kuma babu shi.

Ku fahimce ni, don ni kaina sai da na zauna na fahimci kaina. Da kama su na yi suna riƙe da hannu, na san abin yi, Mamak ma ta san abin yi, akwai taɓarya a gidan. Wannan kuwa ban san sunansa ba. Ranar da na fi kowace rana zama ba sutura, ranar da na ga mutuwa na dawo, su biyu suka zauna a ɗaki mai kwalin ƙwai suna maimaita ta, suna tsayarwa, suna komawa baya, suna cewa nan ya yi kyau. Ta san inda numfashina ya yanke, ni ban sani ba. Ba a yi mata ɗinki ko ɗaya ba, ba ta zauna a gefen ɗuwawu ɗaya tana cin abinci ba, amma ita za ta tsaya gaban mutane da zanin batik a tafa mata. Kuma gobe Nawang ta girma ta ɗauki kaset mai sunanta, ta ji yadda ta zo duniya a bakin wata.

Abin da ya ƙara tafasa ni, kaset ɗinsu ba kamfani ke bugawa ba. A gida yake kwafa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya juya daga farko har ƙarshe yana sauraro. Guda hamsin. Wato in zauna ina wankin ƙyallen yarinya, Mbak Gendhis tana haifar min 'yata sau hamsin ta bango.

Ban yi ihu ba, don Nawang na jikina. Na tambaye shi a hankali me ya hana ya sa tawa ta gaskiya tunda tana nan. Ya hau sosa ƙeya, wai ɗaukar ba ta fita ba, akwai ƙarar fanka, akwai babura suna wucewa, rediyon ungozoma na ta magana.

Na ce, "Mas, kai da ka sayar wa Jamusawa kukan kwanon rufi, yau fanka ce ta dame ka?"

Ya sunkuya yana naɗe wata waya da take a naɗe.

Na ce to in tsohuwar ba ta yi ba ga mai ita a tsaye, a ɗauki sabuwa. Na miƙa wa Mamak yarinya, don tuni ta iso bakin ƙofa da maficinta. Wuta ta dawo kamar jira take. Aka saƙala min abin ji a kunne, aka tsayar da ni gaban makirufo, aka kunna jan ƙwai. Na ja numfashi, na tuno ranar, na buɗe baki.

Jama'a, akuya. Akuyar da ta sa kai a tulu. Na sake gwadawa ya fito kamar ƙofar banɗakinmu. Na runtse ido na yunƙura da gaske, sai ga dariya ta kufce min, daga dariyar kuma sai hawaye. Abin ya tafi, jikina ya mance, ya bar min tabon kawai. Mbak Gendhis ta zo ta dafa min baya, ta ce in sassauta muƙamuƙi, in turo daga ƙasan cibiya, ta yi min kwatance sau ɗaya, ya fito daidai, ni sak. Wato ita ke koya min yadda na yi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Mamak daga ƙofa ta ce ita dai muryar Mbak Gendhis ta fi kama da ta 'yarta.

Na cire abin kunnen na ajiye. Na ce ba zan ƙara gwadawa ba, kuma ba kaset ɗin da zai fita daga gidan nan sai na ji tawa ta asali da kunnena. Mas Jalu ya ce a bari sai an natsu. Na ce a natse nake. Ya ce ba ya son raina ya ɓaci. Na ce ya makara.

Nan Mbak Gendhis ta yi wata magana da ta sa na kalle ta da kyau. Ta ce ita ma fa ba ta taɓa jin ta a haɗe ba. Guntu-guntu ya ba ta, kowane nishi daban, tsakaninsu shiru. Ta ɗauka haka tsarin yake. Ta juya ta ce masa ai shi ne kullum yake yi wa yaran da ke koyon sana'ar faɗa a kan yanke ɗauka, yana cewa abin da makirufo ya ji ya ji, to me ya yanke a nan?

Mu uku muka zuba masa ido, huɗu da Nawang. Sannan ya jawo kujera ya zauna gaban kwamfuta kamar wanda za a cire wa haƙori, ya danna.

Ga fanka kuwa, ƙaƙaƙaƙa. Ga rediyo ana farashin barkono. Ga ungozoma tana cewa saura kaɗan, saura kaɗan, ƙaryar da suke yi wa kowa. Ga nishina, ya hau ya tsinke. Sai kuma a wurin da Mbak Gendhis take yin shiru, na ji muryata tar, kamar mai tallan kifi:

"Jalu, Allah ya isa! Ɗauke min ɓeran nan daga gabana! A kira min Mas Gito ya zo da sifana ya ciro ta, shi ko ba komai ya iya gyara!"

Sai muryar Mamak daga gefen gadon, a natse: "Ai na gaya miki."

Wallahi ban san na faɗa ba. Ko ɗigo ban tuna ba. Kuma ba sau ɗaya ba ne. Bayan cizon matashin na sake kiran Mas Gito, na ce da shi na aura da yanzu ina kan benci ina shan ruwan kwakwa. Ko Mas ɗin ma na cire wa mijina, Jalu gatsal nake ce masa, abin da ban taɓa yi ba tun da muka haɗu.

Mbak Gendhis ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Mamak ta ci gaba da fifita tana kallon silin. Ni kuwa mijina na kalla. Kunnuwansa sun yi ja, idonsa na kan ƙasa. Ashe duk watannin nan da nake leƙen ƙofa ina ƙona tempe, shi yana nan ciki da abin ji a kunne, yana sauraron matarsa tana kiran wani, yana yanka sunan da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kasa jefar da ɗaukar don ranar 'yarsa ce, ya kasa fitar da ita, sai ya nemo bakin da zai yi masa nishin ba tare da sunan ba.

Ya tsayar da sautin. Bai ɗago ba ya ce, "Dik, mutum in yana cikin azaba ai abin da ke can ƙasan ransa yake fitowa. Da gaske kike?"

Kar ku ce ni muguwa ce, amma a lokacin wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har tafin ƙafa. Ashe shi ma. Wannan mutumin da ko haushin kare ba ya ɗaga masa hankali sai dai ya ɗauko rakoda, ashe yana ciki yana dahuwa kamar ni. Na so in ja masa rai kaɗan, amma tausayinsa ya hana ni.

Na ce, "Mas, ranar da an ce min shaiɗan na da sifana da shi zan kira. Wa na riƙe wa hannu har farcena ya shige?"

Ya kalli bayan hannunsa. Tabon na nan, guda huɗu a jere.

Na ce ya ƙarasa mana sauran. Ya ce ai ya isa haka. Na miƙa hannu na danna da kaina, don na ga inda yake dannawa. Nishi na ƙarshe ya zo, dogo, sai shiru, fanka kaɗai. Sai Nawang ta tsala kuka. Bayan kukan sai wata murya ta matso kusa da makirufo tana yi mata kiran salla a kunne, tana karyewa, tana jan majina, ta kasa kai ƙarshen kalma sai ta sake farawa. Nasa kukan ma ashe ya yanke. Mamak ta daina fifita. Mbak Gendhis ta share ido ta ce ita wannan ba ta isa ta kwaikwaya ba, kuma in ya bar shi a kwamfuta ya ruɓe to ya ci amanar sana'arsa.

Aka zauna ciniki a kan tabarma, da shayin da ya huce. Ni na ce tawa za a sa, ita kaɗai. Mbak Gendhis ta kalli doguwar takardar nan da ta yi watanni tana bi, ni kuma na tuna safar. To kaset gefe biyu gare shi. Na ce ta ɗauki na biyu, amma ni ce farko, kuma sunana a sama da nata, da manyan baƙaƙe. Mas Jalu ya ce ya yarda, sai dai a ɗan rage sautin a wurin sunan nan. Na ce ko dai a sa ni duka ko a bar ni duka, na gaji da zama guntu-guntu. Kuma tsakanina da ku, na ce a raina bari shi ma ya ji sau hamsin. Mamak da farko ta ce abin kunya ne duniya ta ji 'yarta na ihu, ita da ta haifi biyar ko tari ba ta yi ba. Can kuma ta tambaya ko muryarta ta fito sosai, in ta fito to a rubuta sunanta daidai, Ibu Sarjilah, kar a manta da harafin ƙarshe.

To ga babban labarin: ya fito! Yana kan cinyata yanzu haka, Nawang na son sa shi a baki. Gefen farko, murya: Kinasih. Ni, mai rigar kankana. An yi taron sauraro da la'asar a rumfar wani abokinsa, na sa kebaya, rigarmu ta gargajiya, ruwan ganye wadda na yi baiko da ita, da ƙyar maɓallan suka haɗu. Samari da 'yan mata cike da tabarmi, duk baƙaƙen riguna, ido a rufe, ba mai ko tari. Da aka zo wurin sifana ban ji wanda ya yi dariya ba, sai wani mai gemu da ya gyaɗa kai a hankali kamar ya ji wa'azi. Mamak ce kaɗai ta zunguri ta kusa da ita ta ce saurara, yanzu zan yi magana. Da aka gama wata yarinya ta zo ta ce in sa mata hannu a bangon kaset, na rubuta sunana har da ɗan fure.

Amma kar ku ɗauka na warke. Da aka juya gefe na biyu tafin da aka yi wa Mbak Gendhis ya fi nawa tsawo, na lura. Wani mai rubutu a intanet ya ce gefen farko ɗanyen nama ne, na biyu dafaffe, har yanzu ban gane ko yabo ne ko zagi ba. Kuma jiya na gwada kunna wa Nawang, a nawa gefen ta taɓe baki za ta yi kuka, a na Mbak Gendhis ta yi barci. Na ce lallai yarinya, ni da na sha ɗinkin.

Yau da safe kuma Mas Jalu na shan kofi, wayar da ake yin odar kaset ta yi ƙara. Irin kayansu ɗaya-ɗaya ake saya, in an sayi biyu har murna yake. Na ga ya karanta, ya ajiye kofin, ya sake karantawa. Na leƙa ta kafaɗarsa.

"Salamu alaikum. Ibu Sarjilah ta ce akwai sunana a wani kaset. Ina son goma, zan riƙa sa wa a shago. A gaida Dik Asih. Gito."

Mamak ta sulale bayan gida wai za ta duba kaji. Na ce masa a ba ɗan aike ya kai, ko ni in miƙa in zan je kasuwa. Kallon da ya yi min, ban taɓa sanin yana da irinsa ba. Ya jera goman a kwali da hannunsa, ya ɗaure da igiya, ya canza riga, ya taje kai, mutumin da ko ranar ɗaurin aure sai da aka bi shi da mataji. Ya sa hular kwano. Har ya tada babur ya kashe, ya koma ɗakin baya, ya fito da ɓeransa rataye a wuya.

Tun hantsi ke nan. Yanzu an yi azahar, shinkafarsa ta huce. Na tura masa saƙo na ce Mas ina kake, ya buɗe ya gani, bai amsa ba.